Ya Biya Mana Kuɗin Nutso a Zanzibar, Ni Kuma Ban Iya Ruwa Ba

Assalamu alaikum. Ni amarya ce, wata biyu ke nan da ɗaura mana aure a Kano. Maigidana ya shirya mana tafiyar kwana bakwai zuwa Zanzibar a watan Agusta. A cikin shirin har ya biya kuɗin nutso a teku, irin wanda ake goya tukunyar iska a baya, ya sa shi da safiyar ranarmu ta ƙarshe, jirgin dawowa kuma da daddare zai tashi. Ni ban iya iyo ba ko kaɗan, shi ma iyawar tasa ta kududdufin yarinta ce. Ina da asma da ke taso mini da hunturu, ina da inhela a jaka, amma ban taɓa zama na yi masa bayanin abin sosai ba. Kuɗin da ya kashe ba kaɗan ba ne, kuma yana ta ɗoki, shi ya sa nake jin nauyin in ce ba zan shiga ba. Ga kuma batun hijabi a cikin ruwa. Yaya zan yi? In ban yi nutson ba, akwai abin da zan gani a can da zai sa tafiyar ba ta tashi a banza ba?

Amarya, daga Kano

Wa alaikumus salam, amarya. Allah ya sanya albarka a auren, ya ba ku zaman lafiya.

Abu biyu ne a wasiƙarki ba za su jira ba. Ranar da aka sa nutson ba ta yi ba, ko da ku biyun ƙwararru ne, dole a canja ta. Ke kuma kada ki goya tukunyar iska sai likitan ƙirji ya gwada numfashinki ya sa hannu, kuma ki shirya zuciyarki, don mai yiwuwa ya ce a'a. Duka biyun ba za su gyaru ba sai maigida ya san abin da kika rubuto mana, saboda haka maganar ta wannan makon ce, ba ta bakin teku ba.

Bari in yi miki bayanin dalilin da ya sa asma ta zama abin dubawa a nan, don idan kin fahimta za ki iya fahimtar da shi. Ruwa nauyi gare shi. A bakin teku iskar duniya tana danna jikinmu da awo ɗaya, wanda masu nutso ke kira bar ɗaya. Kowace mita 10 da mutum ya yi ƙasa, sai a ƙara bar ɗaya. Ke nan a zurfin mita 10 matsin ya ninka, kuma iskar da na'urar baki ke ba mai nutso tana shiga huhunsa ne a matse daidai da wannan zurfin. Huhun babban mutum yana ɗaukar kimanin lita 6. Idan ya cika shi a mita 10 ya taso sama bai fitar ba, iskar nan za ta nemi ta zama lita 12 a cikin ƙirjin da bai wuce 6 ba. Sai ƙananan jakunkunan huhu su fashe. Iska ta iya taruwa a gefen huhu ta danne shi, ko ta shiga jini ta tafi ƙwaƙwalwa ta toshe jijiya, kamar shanyewar ɓarin jiki. Ba sai an je mita 10 ba ma. Tasowa daga mita ɗaya da rabi da cikakken huhu a riƙe ya isa ya yi ɓarna.

Mai lafiyar huhu yana kauce wa wannan ta hanyar ci gaba da numfashi, iskar ta riƙa fita da kanta. Mai asma kuwa, idan hanyoyin iskarsa suka tsuke, ko da bakinsa a buɗe yake, akwai sassan huhun da iskar za ta maƙale a ciki. Ita kuma iskar tukunya busasshiya ce ƙarau, ga sanyi, domin an tsane mata danshi kafin a ɗura ta, kuma tana ƙara hucewa sa'ad da take fitowa daga matsi. Ki duba abin da ke taso miki da ciwon: busasshiyar iskar hunturu mai sanyi. Ita ce za ki yi minti talatin ko arba'in kina zuƙa kai tsaye, ga wahalar motsi, ga fargaba, ga ɗigon ruwan gishiri da kan shiga maƙogwaro. Kuma a ƙarƙashin ruwa babu halin ciro inhela.

Ba duk mai asma ake hanawa ba. Likita zai sa ki hura iska cikin na'urar auna numfashi, ya sa ki motsa jiki, ya sake aunawa, ya tambaye ki yaushe rabonki da inhela. Manyan asibitocin koyarwa suna yin wannan gwajin. Amma asmar da sanyi, ko motsa jiki, ko tashin hankali ke tayarwa ita ce aka fi hana mai ita nutso, kuma taki ta yi kama da ita. Kafin a shiga ruwa cibiyar nutso za ta ba ku takardar tambayoyin lafiya, a ciki akwai tambaya kan asma. Mutane da yawa suna cike ta da "a'a" daga sama har ƙasa don kada kuɗinsu ya tafi. Kada ki yi haka. Malamin da zai riƙe hannunki a ƙasa da abin da kika rubuta zai yi aiki, kuma inshora kan ƙi biyan wanda ya ɓoye ciwonsa.

Akwai abu biyu da ba ki ambata ba, ni zan ambata. Ke sabuwar amarya ce: in akwai ko da zaton ciki, nutso da tukunya ya fita daga lissafi gaba ɗaya, domin kumfar iskar da jikin uwa zai iya tacewa, jikin ɗan tayi ba shi da hanyar tace ta. Ki yi gwaji kafin tafiya. Na biyu, sikila. Mai SS ko SC ba ya nutso, domin sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da wahala suna tayar da ciwon. Mai AS yawanci ba a hana shi, amma ya faɗa wa likita. Shi ma maigida ya duba kansa: hawan jinin da ba a shawo kansa ba, ciwon zuciya, farfaɗiya, ciwon suga mai allura, tsohon rauni a huhu ko ciwon kunne, kowanne sai da sa hannun likita.

Batun faɗa masa kuwa, ina ganin kin ɗauki abin da nauyi fiye da yadda yake. Namijin da ya zauna ya tsara miki tafiya irin wannan so yake ki ji daɗi, ba tukunyar ce damuwarsa ba. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance, ki ɗauko inhelar ki ajiye a gabansa, ki ce akwai abin da ya kamata ya sani game da lafiyarki kafin ku yi nisa da gida, ki nemi ya raka ki wurin likita. Kada ki fara da "ba na so", ki fara da ciwon. Ko babu Zanzibar, miji ya kamata ya san inda inhelar matarsa take da yadda ake amfani da ita, don wata rana cikin dare shi ne zai miƙo miki. Kuɗin ma ba lalle ya salwanta ba. Ya rubuta wa cibiyar tun yanzu. Yawancinsu suna sauya rana ba tare da gardama ba, kuma idan dalilin lafiya ne sukan mayar da kuɗin ko su juya shi zuwa yawon kallon kifi daga saman ruwa.

Yanzu ranar. Iskar da muke shaƙa kusan kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, wadda jiki ba ya amfani da ita. A ƙarƙashin matsi tana narkewa ta shiga jini da tsoka da gaɓoɓi, kuma tana buƙatar sa'o'i kafin ta fita a hankali ta numfashi. Kin ga kwalbar lemo mai gas: tana rufe ba ki ganin komai, kina buɗe murfin da sauri sai kumfa ta taso. Haka jini ke yi idan matsi ya ragu da gaggawa. Cikin jirgin sama matsin iska daidai yake da na kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, ke nan wanda ya yi nutso da safe ya hau jirgi da daddare ya buɗe murfin ke nan. In ta Adis Ababa za ku biyo, birnin kansa yana sama da mita 2,300, saukarku a can ba ta mayar da matsin yadda yake. Ƙa'idar da aka sani ita ce aƙalla awa 12 bayan nutso guda, aƙalla awa 18 bayan nutso biyu ko fiye, kuma fitar yini ɗaya a Zanzibar yawanci nutso biyu ce. Ku bar awa 24 cur, hankali ya kwanta. A tafiyar kwana bakwai, rana ta uku ko ta huɗu ta fi dacewa. Ta farko ba ta yi ba, saboda gajiyar hanya da ƙishirwa suna ƙara haɗarin.

Idan maigida ya samu lafiya kuma yana son ya gwada, ga abin da zai duba. Abin da ya biya, bisa bayaninki, gwajin yini ɗaya ne na wanda bai taɓa yi ba, iyakarsa mita 12, kuma malami ba ya rabuwa da shi. Cikakken kwas na farko kwana uku zuwa huɗu ne, da nutso huɗu a teku, iyakarsa mita 18, kuma sai mutum ya yi iyon mita 200 ya kuma tsaya a saman ruwa minti 10 kafin a ba shi shaida. A gwajin yini ɗaya ba a yin jarrabawar iyo, shi ya sa za ku ji ana cewa ba sai an iya ruwa ba. Gaskiya ne a takarda. Amma abin da ya fi jefa sabon shiga cikin haɗari firgita ce: ruwa ya ɗan shiga gilashin fuska, mutum ya rikice, ya tofar da na'urar baki, ya riƙe numfashi ya yi sama da gudu. Wanda ya saba da ruwa ba ya saurin yin haka. Kafin Agusta ku nemi wurin wanka mai malami, ke ki nemi wanda ke ware wa mata lokaci, ku koyi ko da kwanciya a saman ruwa da sa fuska a ciki ana fitar da iska.

Maigida ya tambayi cibiyar ko tana da rajista da PADI ko SSI, wato manyan ƙungiyoyin da ke horar da masu nutso su ba su shaida, ya kuma duba sunanta a shafin ƙungiyar da kansa. Ya tambaya ko akwai tukunyar oksijin ta gaggawa a cikin kwalekwalen, ba a ofis ba, da kuma inda ɗakin matsin iska mafi kusa yake, wanda ake sa mai ciwon nutso a ciki, da tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a isa. Mutum nawa malami ɗaya zai riƙe? Kada su wuce huɗu, biyu ya fi. Za a fara koyarwa a tafkin wanka ko ruwa marar zurfi kafin a fita teku? Duk wanda ya ce babu buƙata, a bar shi. Masu tallar yawon ruwa da ke tare baƙi a bakin rairayi da farashi mai sauƙi ba wurinsu ake sayen nutso ba.

A cikin ruwan, kunne ne zai fara magana, tun daga mita ɗaya ko biyu. Ana toshe hanci da yatsu a hura a hankali har a ji kunnuwan sun buɗe, ana yi tun kafin zafi ya zo, kusan kowace mita. In ya ƙi buɗewa, a ɗan yi sama kaɗan a sake gwadawa. Hurawa da ƙarfi ko dannawa ƙasa da ciwo yana fasa dodon kunne. Mai mura ko toshewar hanci ya haƙura da ranar. Maganin buɗe hanci ba mafita ba ne, don yana iya sakinsa a ƙasa, iskar ta rasa hanyar fita wajen tasowa. Numfashi a riƙa yinsa a hankali, ba a riƙewa ko na daƙiƙa kaɗan. Alamun hannu kuma ya haddace su da kyau, musamman guda ɗaya da ke rikita mutanenmu: ɗaga babban yatsa a can ba "lafiya lau" yake nufi ba, "mu tashi sama" yake nufi. Lafiya lau ita ce haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe. Shimfiɗa tafin hannu ana karkaɗa shi na nufin akwai matsala, sai a nuna inda take. Tukunya tana farawa da kimanin bar 200. Ya riƙa duba agogonta, ya sanar da malami a 100, ya kasance ya fito da 50 a ciki. Tasowa a hankali ake yi, kada a wuce mita 18 a minti, masu taka-tsantsan ma rabin haka suke yi, ana sakin iskar rigar da ke ɗaga mutum, sannan a tsaya a mita 5 na minti 3. Wani ƙaramin abu: gashin baki yana hana gilashin fuska kama fata, ruwa ya yi ta tsiyaya ciki. Ya rage wanda ke ƙarƙashin hanci daidai, gemu ba ruwansa.

Ke ce za ki zama idonsa bayan ya fito, don haka ki riƙe waɗannan. Ciwon gaɓa mai zurfi a kafaɗa ko gwiwar hannu, dindiris ko jin kamar ana tsira allura a hannu ko ƙafa, kasala marar dalili, jiri, ƙuraje masu ƙaiƙayi ko fata ta yi dabbare-dabbare, wahalar fitsari, rikicewar magana, ciwon ƙirji. Yawanci suna bayyana cikin sa'o'in farko, amma suna iya kaiwa yini guda. Maza sun iya cewa gajiya ce. Kada ki yarda. A kwantar da shi, a ba shi oksijin zalla, in yana cikin hayyacinsa ya sha ruwa, a kira cibiyar da likita nan take, kuma ko ya ji sauƙi da oksijin sai an duba shi. Ba a mayar da mutum cikin teku wai don kumfar ta koma. A ranar nutso ya sha ruwa sosai, ya guji wanka da ruwa mai zafi da aikin ƙarfi bayan ya fito, kuma kada ya haɗa ta da azumin nafila.

To ke fa? Mafi yawan kyan da ake zuwa gani yana cikin mita biyar na sama ne, inda hasken rana ke kaiwa. Da rigar ceto, da gilashin fuska, da ɗan bututun numfashi, kina kwance a saman ruwa za ki ga murjani da kifaye masu launi a ƙarƙashinki, kuma iskar duniya kike shaƙa, babu matsin da zai kama huhu. Wannan ma ki tambayi likita, inhelar kuma ta kasance a kwalekwale cikin jakar da ruwa ba ya shiga. Rigar ceton ta zama daidai jikinki, a ɗaure ta tam, don mai faɗi tana zamewa ta haye kunnuwa. Ki gaya wa jagoran ƙarara cewa ba ki iya iyo ba, ya ja ki da tayar ceto kina riƙe da ita. Ki fara gwadawa inda ƙafarki ke taɓa ƙasa. Ki guji gilashin nan mai rufe fuska duka, musamman mai araha, domin iskar da kika fitar tana iya taruwa a ciki. Wurin da aka fi kai mutane shi ne kewayen tsibirin Mnemba, daura da Matemwe a arewa maso gabas. Ruwansa garau ne, amma tsibirin na masu otal ne, ba a sauka a kansa, ke nan daga kwalekwale ake shiga ruwa mai zurfi, ga igiyar ruwa mai ja, ga kwalekwale da yawa masu farfela suna kai da komo. Ku fita da sassafe, kada ki rabu da jagora. Agusta lokacin iskar kudu ce da suke kira kusi, teku yakan yi tsalle. Ki sha maganin jirin tafiya awa guda kafin a tashi. Kwalekwalen da aka cika maƙil ko babu rigar ceto ga kowa, ku bar shi ya tafi. Mutanen tsibirin ba su manta da nutsewar jirgin Spice Islander a 2011 ba, wanda lodi fiye da kima ya jawo, ɗaruruwan rayuka suka salwanta.

Hijabi ba zai hana ki komai ba, amma ba wanda kike sawa a gida ba. Dogon hijabi da abaya idan suka jiƙe suna nauyi, su naɗe ƙafafu, su rufe fuska su manne a hanci da baki. Ki sayi kayan wankan mata Musulmi tun daga gida, riga mai dogon hannu da wando da hular da ke kama kai da wuya ba tare da fil ba, rigar kuma mai maɗauri da ke haɗe ta da wandon don kada ta taso. Ki ajiye zane ko abaya a kwalekwale ki yafa da kin fito. Gilashin fuska ya zauna a kan fata, gefen hular kada ya shiga ƙarƙashinsa, in ba haka ba zai yi yoyo. Kusan duk mutanen Zanzibar Musulmi ne, shigarki ita ce shigar matan gari, ba wanda zai kalle ki sau biyu.

Wurin kwana yana da alaƙa da rashin iya ruwanki. Teku a can yana cikowa ya janye sau biyu a yini, kimanin awa shida tsakani, kuma ya fi ƙarfi a farkon watan Musulunci da tsakiyarsa, wajen sha huɗu da sha biyar. A gabas, Paje da Jambiani, ruwa yakan janye ɗaruruwan mitoci, har ki ga mata suna aikin gonakin ciyawar teku a inda ɗazu ruwa ne. Abin sha'awa ne, amma baƙo yakan bi rairayi ya yi nisa, ruwan kuma idan zai dawo ta kwaruruka yake fara biyowa, sai ya zagaye mutum ta baya. Ku tambayi otal lokacin cikowa kullum, ku sa takalmin roba saboda bushiyar teku mai ƙaya baƙa. In ta soki mutum, a jiƙa wurin a ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa, a cire ƙayar da ta fito. Nungwi da Kendwa a arewa ruwansu ba ya janyewa sosai, kuma a can cibiyoyin nutso suka fi yawa, sai dai yana saurin zurfi daga gaɓa, don haka ke iyakarki ƙugu. Daga birnin Zanzibar zuwa Nungwi kimanin kilomita 60 ne, awa ɗaya da rabi a mota.

Ni da zan tsara muku, kwana biyu na farko a tsohon birnin, Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. A ƙafa ake yawonsa, lunguna ne da mota ba ta shiga, da ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, wasu da ayoyi a samansu. Ku ga tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina a ƙarshen ƙarni na 17, kusa da ita kuma Baitul Aja'ib, fadar da Sarki Barghash ya gina a 1883. Wani sashenta ya rufta a Disamba 2020, don haka ku sa ran kallonta daga waje. Ku je inda kasuwar bayi take, wadda aka rufe a 1873 aka gina cocin Angilika a wurin. Akwai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da bayanin tarihin cinikin, wuri ne mai sa jiki ya yi sanyi, amma ya cancanci awa guda. Kasuwar Darajani da safe, dandalin Forodhani bayan magariba, inda ake gasa kifi a matse ruwan rake da citta da lemon tsami. Abincin teku a can ku sa a gasa a gabanku. Wanda ya daɗe a jere kan tebur shi ke ɓata ciki, kuma kada daren da za a wayi gari a shiga ruwa ya zama daren gwaje-gwaje.

Gonakin kayan ƙamshi rabin yini ne, kuma ina jin za su fi burge ki fiye da yadda kike zato, don kanumfari da kirfa da masoro da kike saya a ƙulle za ki gan su a jikin bishiyarsu; kanumfarin ma tohon fure ne da ake tsinkewa a shanya. Tsibirin Changuu tafiyar kusan rabin awa ce a kwalekwale, can ne manyan kunkurun da aka kawo daga Seshel a 1919 suke. Dajin Jozani yana da jajayen birai da ba a samunsu a ko'ina sai Zanzibar. Ba a ba su abinci, ba a taɓa su. A kudu, masallacin Kizimkazi yana da rubutu a bangon mihirabinsa mai tarihin shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. Irin waɗannan wuraren su za ku bar wa kwana biyun ƙarshe, lokacin da jikin maigida ke fitar da iskarsa.

Takardu kuma kada a yi musu sakaci. Masu fasfon Najeriya da Nijar suna cikin waɗanda Tanzaniya ba ta ba su biza a filin jirgi, sai an nema ta intanet an jira amincewar hukumar shige da fice, kuma tana iya ɗaukar makonni. In maigida bai nema ba, ya nema yanzu. Ku tafi da katin rigakafin shawara, allurar kuma sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki. Tun 1 ga Oktoba 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta, dala 44 ga babban mutum; ya karanta ko ta haɗa da haɗarin nutso, in ba ta haɗa ba ya sayi ta DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso, ta 'yan kwanaki, don jinyar ɗakin matsin iska tsada gare ta. Dalolin da za ku canja zuwa shilin su zama sababbin bugu marasa yagewa. Ba a shiga ƙasar da leda. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu, kuma a Suwahili ana fara ƙirgen awa ne daga ƙarfe shida na safe, don haka in mai kwalekwale ya ce ƙarfe biyu, mai yiwuwa takwas yake nufi. Ku sa ya nuna muku a fuskar waya. Alƙibla a can arewa take, kusan saiti, kada ku fuskanci gabas bisa sabo. Inhela kuma ki tafi da biyu, ɗaya a jakar hannu, ɗaya a wurin maigida, kada ko ɗaya ta shiga akwatin da za a auna.